In takardar ƙuri'arka ta ɓata ko ta ƙone a Amurka

Da asubahin 28 ga Oktoba 2024, saura kwana takwas a yi zaɓen shugaban ƙasa, aka cinna wuta a akwatunan bakin titi da masu zaɓe ke jefa takardun ƙuri'ar da aka aiko musu ta gidan waya, kowace a cikin ambulan, a Portland ta jihar Oregon da Vancouver ta jihar Washinton. A Portland abin kashe gobara da ke cikin akwatin ya yi aikinsa, takardu uku kacal suka lalace. A Vancouver bai yi ba. Ma'aikatan zaɓe suka zauna suna tsince guntayen ambulan ɗaya bayan ɗaya, wasu rabinsu toka, har suka gano masu takardu 488, aka ba su sababbi.

Abin da ya cece su shi ne ambulan ɗin. Yana ɗauke da sunan mai zaɓe, da sa hannunsa, da lambar da na'ura ke karantawa. Saboda haka in ka nemi wata takardar, ofishin zaɓen gundumarku zai soke ta farko ya ba ka sabuwa, kuma ko tsohuwar ta ɓullo daga baya, ɗaya za a ƙirga. Kada tsoron a ce ka yi zaɓe sau biyu ya hana ka tambaya.

Sai dai wanda bai duba ba, ba zai san tasa ta ɓata ba. Yawancin jihohi suna da shafin intanet na bin sawun takarda, wasu ma saƙon waya suke turowa. In kwanaki sun wuce ba a rubuta cewa ta iso ba, ɗauki waya ka kira ofishin gunduma. Gidan waya ba shi zai warware maka ba.

In lokaci ya ƙure, taka da ƙafarka zuwa rumfa ko ofishin zaɓe. Dokar tarayya ta 2002, wadda ake kira HAVA, ta tanadi ƙuri'ar wucin gadi: ka zaɓa, a ajiye ta gefe, a ƙirga bayan an tabbatar ta farkon ba ta shigo ba.

Wa'adi ne wurin da mutane ke faɗuwa, don kowace jiha da nata. Fulorida ba ruwanta da ranar da ka aika; in ƙarfe 7 na yammacin ranar zaɓe ta yi takardarka ba ta hannunsu, an wuce da kai.