Ƙararrawar gargaɗi ta injin jirgin ruwa mai filafilai

Ƙararrawar gargaɗi ita ce na'urar da ke yin ƙara, fitila ta kama, idan injin dizal na jirgi ya shiga hatsari. Yawancin jiragen da ke tafiya da filafilai suna da ƙaramin inji, irin na Yanmar ta Japan ko Volvo Penta ta Siwidin, don shiga tasha da fita ko tafiya in iska ta kwanta. Injin yana can ƙasa a rufe, matuƙi kuma hankalinsa na kan ruwa, shi ya sa kunne ya fi ido amfani a nan.

Abubuwa uku aka fi sa wa gargaɗi: faɗuwar ƙarfin baƙin mai, zafin ruwan sanyaya inji, da rashin cajin batir. Wutar, wadda galibi bolt 12 ce, tana fitowa daga makullin tayar da inji, ta bi ta fis, ta isa ƙararrawa da fitilu. Daga nan fitilar baƙin mai da ta zafi kowacce tana da wayarta zuwa makunninta, wato abin da ke haɗa wuta ko yanke ta da kansa, wanda aka ɗaura a jikin inji, bodin injin kuma shi ne ke mayar da wuta batir. Don haka ba a naɗa tef a zaren makunni, wato inda ake murɗa shi ya shiga jikin inji, domin ta wannan zaren wutar ke bi. Tun da ƙararrawa ɗaya ce ke yi wa duka aiki, ana sa wa kowane layi dayod, wanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya tak. In babu shi, laifi ɗaya zai kunna fitilu duka.

Makunnin baƙin mai a haɗe yake muddin inji na kwance, sai mai ya yi ƙarfi yake buɗewa. Saboda haka da an murɗa makulli ƙararrawa take kuka, inji na tashi ta yi shiru. Wannan kukan gwaji ne na kullum, kuma bai kamata a cire shi don ya dami kunne ba. Makunnin zafi akasin haka ne: a buɗe yake, sai ruwa ya kai kusan digiri 95 zuwa 100 na ma'aunin Salsiyos yake haɗewa. Nan matsalar take, domin in wayarsa ta tsinke ko gishiri ya ci bakinta, babu abin da zai nuna. Ana gwada shi ta hanyar cire wayar a taɓa ta a bodin inji, makulli a kunne. Ya kamata ƙara ta tashi nan take.

Akwai wani giɓin kuma. In ciyawa ko leda ta toshe mashigar ruwan tekun da ke sanyaya inji da tiyon salansa, ko farfelar robar famfon da ke jawo ruwan ta gutsure, tiyon salansa kan fara ƙonewa kafin makunnin zafi ya ji komai. Wannan ne ya sa masu jirage da yawa ke ƙara makunni a jikin tiyon, ko mai lura da gudun ruwa.

Makunni daban yake da na'urar da ke aika wa agogon awo bayani, ko da yake sun yi kama a ido, kuma ba a haɗa ƙararrawa da ita. Waya kuwa, wadda ta dace ita ce ta tagulla mai silili da yawa da rufin kuza, a matse bakinta a rufe da roba, a ɗaure ta nesa da salansa da bel.