Doki a Zanen Gargajiya na Ƙasar Sin

Doki na cikin dabbobin da masu zanen ƙasar Sin suka fi kulawa da su, da buroshi da tawada, a kan siliki ko takarda. Darajarsa ta samo asali ne daga fada da fagen fama. Tun zamanin daular Han, wajen shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Wu ya tura runduna har Fargana, wani yanki a tsakiyar Asiya, don neman ingarmun da ake kira "dawakin sama".

Zamanin daular Tang (618–907)

A nan ne fannin ya bunƙasa. Gwaninsa shi ne Han Gan, wanda ya rayu a ƙarni na 8. An ruwaito cewa ya gaya wa Sarki Xuanzong dawakin bargar fada su ne malamansa. Zanen da aka fi danganta masa, na wajen shekara ta 750, yana gidan tarihi na Metropolitan a New York: farin ingarma ne ɗaure a turke, ya ɗaga kai yana haniniya, ido a zare, hanci a buɗe, geza a miƙe, kofatai na dukan ƙasa. Hatiman waɗanda suka mallake shi sun cika gefen takardar. Mawaƙi Du Fu ya soki Han Gan da cewa tsoka yake zanawa, ba ƙashi ba. Masana sun saɓa kan wannan hukunci.

Daulolin Song da Yuan

Li Gonglin, wanda ya rasu a 1106, ya zana dawaki biyar, kowanne da mai riƙe masa ragama, da siraran layukan tawada. Bayan Mongol sun ci ƙasar sun kafa daular Yuan, doki ya zama hanyar habaici. Gong Kai, da ya ƙi yi wa sababbin sarakuna aiki, ya zana ramammen doki, haƙarƙari a waje, kai a sunkuye: mutumin kirki da zamani ya yasar. Ren Renfa kuwa ya jera biyu, mai ƙiba a matsayin ma'aikaci maciyin dukiyar talakawa, ramamme a matsayin mai amana.

Daga baya

Giuseppe Castiglione, ɗan Italiya mai aiki a fadar daular Qing ta Sin, ya kammala zanen dawaki ɗari a 1728, da inuwa irin ta zanen Turai. Zanen yana birnin Taipei na Taiwan yanzu. A ƙarni na 20, Xu Beihong (1895–1953) ya yi suna da dawaki masu sukuwa.