Gawayi Ba Ya Kashe Ƙwayoyin Cutar Da Ke Cikin Ruwa

An daɗe ana cewa in an jefa gawayi a randa, ruwan ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Gawayi kamu yake yi, ba kisa ba. Jikinsa cike yake da 'yan ramuka, inda wari da sinadarin kulorin ke maƙalewa. Wanda ake zubawa a matatar ruwa ma ba irin na murhu ba ne. Da tururi mai tsananin zafi ake buɗe ramukansa, har faɗin cikin giram 1 ya wuce murabba'in mita 500. Duk da haka ƙwayar kwalara tana iya wucewa abinta, gishiri kuwa ko a jikinsa. In gawayin ya daɗe ba a canja shi ba, ƙwayoyin cutar ma a cikinsa suke hayayyafa.