Zinariya tsakanin ɗigon kwantam biyu: tana taimako ko tana cinye hasken?

Duk wanda ya taɓa zagaya layin masu talabijin a kasuwar Alaba ya ga QLED a jikin kwali. Launin waɗannan talabijin daga ɗigon kwantam yake fitowa. Ga amsoshin wasu tambayoyi da ɗalibanmu na kimiyya a nan Legas kan yi a kansa.

Mene ne ɗigon kwantam?

Ɗan mitsitsin ƙwayar semikondakta ne (abin da wutar lantarki ke bi ta cikinsa, amma ba kamar yadda take bi ta ƙarfe ba), faɗinsa nanomita 2 zuwa 10. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Girmansa ne ke yanke launin da zai fitar: ƙarami ya ba da shuɗi ko kore, babba ya ba da ja. A kan gano ɗigon kwantam da haɗa shi aka bai wa Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov kyautar Nobel ta 2023.

Ta yaya ɗigo ke miƙa wa ɗan'uwansa makamashi?

Idan sun kusanci juna sosai, ƙaramin da ya sha haske yakan miƙa wa babban makamashinsa kai tsaye, ba tare da ya fitar da haske ba. Theodor Förster ne ya yi bayanin wannan a 1948. Sai dai abin ba ya jure nisa ko kaɗan. Ka ninka tazarar sau biyu, saurin miƙawar ya ragu sau 64. Da an wuce nanomita 10, kusan magana ta ƙare.

To, me ƙarfen da ake sawa tsakanin ɗigon biyu ya zo yi?

Idan haske ya faɗa kan ƙwayar zinariya ko azurfa, elektiron ɗin cikinta sukan yi lilo gaba ɗaya a tare, su tara ƙarfin haske a gefenta. Shi ake kira filasmon. Ƙaramar ƙwayar zinariya ta fi amsa haske mai tsawon zango kusan nanomita 520, azurfa kuma wajen 400; tsawon zangon nan ne ke nuna launin haske. Idan launin ɗigon ya dace da nata, sai ta zama kamar dillalin kasuwar Mile 12: ta haɗa biyun da nisa ya raba, cinikin ya faɗa.

Amma dillali da la'adarsa. Wani kaso na makamashin yakan zama zafi a cikin ƙarfen. Idan ɗigon ya matso ƙasa da 'yan nanomita kaɗan, ƙarfen ya haɗiye kusan duka, hasken ya dushe. A ganina nan ne ɗalibi ya kamata ya fi tsayawa, domin da yawa suna ɗauka sa zinariya kullum ƙari ne. Shi ya sa masu bincike ke lulluɓe ƙwayar da siririn bawon silika (sinadarin da ke cikin yashi da gilashi), don su tsayar da tazarar daidai.

Ina amfaninsa gare mu?

Jan layin da ke fitowa a yawancin abin gwajin maleriya na gaggawa, ƙwayoyin zinariya ne. Idan aka haɗa su da ɗigon kwantam, dushewar haske ko ƙaruwarsa kan nuna ko ƙwayar cutar da ake nema tana cikin jinin. Ana kuma gwada dabarar a fitilun LED da faifan sola.