Mene ne daraf a wasan hoki na ƙanƙara, kuma me ake dubawa kafin a zaɓi yaro?

Duk shekara, wajen ƙarshen watan Yuni, ƙungiyoyi 32 na gasar NHL, wato babbar gasar hoki ta kan ƙanƙara a Amurka da Kanada, suna raba matasan 'yan wasa a tsakaninsu. Wannan rabon shi ake kira daraf. A ƙwallon ƙafar Turai, mai kuɗi ne ke zuwa ya sayi yaron da ransa ke so. A nan kuwa layi ake bi. Idan layi ya zo kan ƙungiya sai ta kira sunan yaro ɗaya, daga nan kuma ita kaɗai ce a gasar ke da ikon ƙulla yarjejeniya da shi. Zagaye bakwai ake yi, jimilla sunaye 224. An fara tsarin ne a birnin Montreal a 1963.

Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara zaɓe, domin marar ƙarfi ya samu damar farfaɗowa. Amma don kada wata ta riƙa zubar da wasa da gangan tana kwaɗayin zaɓen farko, sai ake jefa ƙuri'a tsakanin ƙungiyoyi 16 da ba su kai wasannin neman kofi ba. Ta ƙarshe a teburi ta fi kowa rabo a ƙuri'ar, ko da yake ba ta da tabbas.

Sharaɗin shiga shi ne yaro ya cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba ta wannan shekarar. Wannan rana tana da tasiri ƙwarai. An haifi Auston Matthews ranar 17 ga Satumba 1997, don haka kwana biyu kacal suka hana shi shiga daraf na 2015. Sai ya tafi Zurich a ƙasar Switzerland ya yi kaka guda yana wasa da manya, Toronto ta ɗauke shi na farko a 2016. Ke nan a daraf ɗaya akwai yaran da tazarar haihuwarsu ta kusa shekara guda, kuma a wannan shekarun wata goma sha ɗaya na iya zama bambancin ƙashi da tsoka. Mai tantancewa da ya san aikinsa yakan duba ranar haihuwa kafin ya yaba ƙarfin yaro.

Aikin tantancewar yana hannun masu zaƙulo 'yan wasa. Kowace ƙungiya tana da nata, suna kwana a hanya cikin hunturu daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan a Kanada da Amurka da Suwidin da Finlan da sauransu. Ita ma gasar tana da ofishinta na tantancewa tun 1975, wanda ke fitar da jerin sunaye a tsakiyar kaka da kuma ƙarshenta, ya ware 'yan wasan Arewacin Amurka daban, na sauran ƙasashe daban, masu tsaron raga ma daban. Tambayar da ke gabansu duka ɗaya ce: wannan ɗan shekara 17, wane irin ɗan wasa zai zama idan ya kai 23?

Abu na farko da ido ke kamawa shi ne zamiya, wato gudu a kan ƙanƙara da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa. Ana duba yadda yaro ke tashi daga tsaye a taku uku na farko, yadda yake juyawa a kan kaifin takalminsa ba tare da gudunsa ya ragu ba, da yadda yake zamiya da baya idan ɗan baya ne. Bayan haka sai hannu: sarrafa faifan robar da ake bugawa a maimakon ƙwallo da sanda, saurin sakin bugu, da miƙa wa abokin wasa a cikin matsi. Akwai kuma zuciya, wato ko yaron zai shiga kusurwa ya yi kokawar ƙwato faifai alhali ya san za a maka shi da katanga.

A ganina wanda ya fi duka nauyi shi ne basirar wasa, kuma shi ya fi wuyar gani. Ba ya fitowa a gajerun bidiyon ci da ke yawo a intanet. Sai ka bar kallon faifan ka bi yaron da ido lokacin da ba shi da shi. Ya waiga ya san inda kowa yake kafin faifan ya iso masa? Ya san gurbin da zai buɗe nan da daƙiƙa biyu? Ana iya gyara zamiya da koci, ana iya ƙara tsoka a ɗakin motsa jiki, amma yaron da ba ya karanta wasa da sauri zai sha wuya a gasar da ba a ba ka ko rabin daƙiƙa ka yi tunani.

Maki, wato jimillar cin da yaro ya yi da wanda ya taimaka aka ci, ma yana magana, sai dai dole a tambaya a ina aka ci shi. Connor Bedard ya ci 71, ya tara maki 143 a wasa 57 da ya buga wa Regina Pats, ƙungiyar matasa a Kanada, kafin Chicago ta ɗauke shi na farko a 2023. Irin wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Rikicin yana wajen kwatanta yaron da ke cin sa'o'insa a gasar matasa ta Kanada da wanda ke samun mintuna kaɗan cikin manya a Finlan ko Suwidin, inda filayen galibi suka fi faɗi. A 2022 Montreal ta bar Shane Wright, wanda aka daɗe ana ɗauka shi ne na ɗaya, ta zaɓi Juraj Slafkovský, wanda ya ci bakwai a gasar Olamfik ta Beijing a wannan shekarar. Wright sai a na huɗu Seattle ta kira shi. Cale Makar kuwa daga ƙaramar gasa a lardin Alberta ya fito, mutane na cewa bai haɗu da abokan karawa na kirki ba. Colorado ta ɗauke shi na huɗu a 2017, ga shi ya lashe kyautar gwarzon ɗan baya sau biyu.

Makonni kaɗan kafin daraf ana tara fitattun yaran a birnin Buffalo don gwajin jiki: tsalle, ƙarfin hannu, da tuka keken da ke auna numfashi har sai mutum ya galabaita. Ƙungiyoyi kuma suna zama da kowane yaro su yi masa tambayoyi don sanin halinsa. Wannan hirar ta fi gwajin amfani. A 2014 Sam Bennett ya kasa ɗaga jikinsa a kan ƙarfe ko sau ɗaya, aka yi ta surutu. Calgary ba ta fasa ɗaukarsa na huɗu ba, kuma a 2025 shi aka ba kyautar gwarzon wasannin neman kofi lokacin da Florida ta sake ɗaukar kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar NHL.

Inda aka fi zaluntar yara shi ne batun girman jiki. Martin St. Louis babu wanda ya kira sunansa a daraf saboda gajarta, amma a 2004 shi ne gwarzon gasar baki ɗaya. Cole Caufield ya ci 72 a kaka guda a shirin horar da matasa na Amurka, duk da haka sai a na 15 Montreal ta same shi a 2019. Tsawo abu ne da ake aunawa da awo a rubuta a takarda, shi ya sa yake da sauƙin karewa a gaban shugabanni. Basira kuwa sai mai zaƙulowa ya tsaya ya ce na gani da idona.

Haka aka yi da Pavel Datsyuk. Sau biyu daraf na wucewa ba a kira shi ba, har Håkan Andersson, mai zaƙulo wa Detroit 'yan wasa, ya je Rasha kallon wani yaro daban ya gan shi. A na 171 aka ɗauke shi a 1998, ya ci kofin Stanley biyu. Alexandre Daigle kuma, wanda Ottawa ta ɗauka na farko a 1993 a gaban Chris Pronger da ya zama fitaccen ɗan baya, bai taɓa kaiwa inda aka yi zato ba.

Wani lokaci ma abin da za a gani ɗin kaɗan ne. Matthew Schaefer wasa 17 kawai ya buga wa ƙungiyar matasa ta Erie a kakar darafinsa, saboda rashin lafiya da karayar ƙashin da ke haɗa kafaɗa da ƙirji da ya samu a gasar matasa ta duniya. A kan waɗannan wasanni, da abin da aka gani a shekarar da ta gabata, New York Islanders ta kira sunansa na farko a 2025.