Zagayen tudu da tafki a Ɗa'ifa: abin da 'yan Makka da Jidda ke tambaya

Da zafi ya matsa a Makka da Jidda, mutanenmu kan cika mota su haura Ɗa'ifa shan iska. Sai dai yawanci iyakarsu a shimfiɗa darduma a gefen titi, a ci mandi, a kora da shayi, a juyo. Amsoshin nan na wanda ke son ya taka ƙasa ne, ya zaga tudu ya leƙa ruwa na awa ɗaya ko biyu.

Wai da gaske akwai kurmi a Saudiyya?

Akwai, ko da yake ba mai duhun da rana ba ta ratsawa ba ne. Ɗa'ifa tana kan duwatsun Sarawat, sama da mita 1,800 daga doron teku, ƙauyen Shafa da ke kusa da ita kuma ya fi ta bisa. Can sama bishiyar da ta fi yawa ita ce ar'ar, mai ƙananan ganye kore shar rani da damina, wadda hazo ke taimaka wa da laima. In ka murza ganyenta a hannu za ka ji ƙamshi mai ɗan yaji. A gangare kuwa sai ƙayoyi da kurna. Wanda ke da hali ya nausa kudu, dajin Ragadan na Baha da Suda ta kusa da Abha sun fi cika.

To ruwan fa, a ina?

Mai tafe da yara da tsofaffi ya fara da lambun Rudaf a kudancin gari, inda akwai tafkin da aka gina, da manyan duwatsu, da hanyar ƙafa mai kyau. Wanda ke son daji sosai ya nufi kwarin Zi Gazal a Shafa ko Gadir al-Banat. Ruwan waɗannan na sama ne: bayan an yi ruwa ka tarar da su cike, wani lokaci kuma sai laka da sawun awaki.

Akwai kuma tsohuwar madatsar Saisad a gabashin gari, wadda rubutun jikin dutsenta ya nuna an gina ta don Mu'awiya ɗan Abu Sufyan a shekara ta 58 bayan Hijira. Ko ba ɗigon ruwa, duwatsun da aka jera tun wancan zamani sun isa kallo.

In zagayen na kilomita 3 ne, ai tsawon sa'ayi ne kawai. Me zai gagara?

Nan ake yaudaruwa. Gaskiya ne kai-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin haka, amma wannan a kan daɓe ne mai sumul, cikin inuwa, ga Zamzam a kusa. A tudu hawa ne da sauka a kan tsakuwa mai gudu a ƙarƙashin ƙafa. Ga shi ka taso daga Makka, wadda tsayinta bai wuce mita 300 ba, cikin awa ɗaya da 'yan kai ka tsinci kanka kusa da mita 2,000. Iska ta fi sirantaka a can, shi ya sa saurayi ma kan kama haki tun bai yi nisa ba. Maganin abin shi ne ka rage sauri har ya zama kana iya hira kana tafiya.

Ni a ganina saukowa ta fi hawa haɗari. Gwiwa ce ke ɗaukar nauyin duka, kuma a lokacin ne mutum ya saki jiki, hankalinsa ya koma kan abincin da aka bari a mota. A gajarta taku, a riƙe sanda. Mai ciwon zuciya ko asma ya tuntuɓi likita tukuna.

Me za a sa, me za a ɗauka?

Kambas mai kama ƙasa, ban da silifas. Gorar ruwa kowa da tasa, dabino, da rigar sanyi ko da tsakiyar bazara ne, don duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6. Hajiya ta tattare abaya kaɗan, ƙaya ba ta raga wa yadi.

Birai fa? Ana cewa suna ƙwace.

Suna yi kuwa. Gwaggon biri ne, garke-garke, musamman a hanyar Hada, wadda ke hawa dutse daga Makka zuwa Ɗa'ifa, kuma mutane ne suka ɓata su da jefa musu ayaba da burodi ta tagar mota. Yanzu da sun ji ƙarar leda sai su taso. Hukumar kula da namun daji ta hana ciyar da su, akwai tara. A ɓoye abinci cikin jaka, a riƙe hannun yara, kada a tsura wa babban namijin ido, kada kuma a ruga. In ya fizge leda, a bar masa. Cizo ko yakushi kuwa asibiti ake kai shi a ranar.

Yara za su iya shiga tafkin?

A'a. Ruwan kwance yana ɓoye zurfinsa, lakar ƙasansa tana riƙe ƙafa, ga tsoron tsargiya. Haka zama a tsakiyar kwari in hadari ya haɗu: ana iya yin ruwa a wani dutse da ba ka gani, sai dai ka ji rugugin ambaliya. A shimfiɗa darduma a kan tudu. Lambar gaggawa a yankin Makka ita ce 911.

Wane lokaci ya fi?

Da sassafe, kafin hazon yamma ya rufe hanya. A Maris da Afrilu ake tsinkar furen wardi na Ɗa'ifa, gonakin Shafa da Hada na ta ƙamshi. A duba hasashen yanayi kafin a fito, don akan rufe hanyar Hada saboda ruwa ko hazo, sai a zagaya ta ɗaya hanyar, wato ta Sail. Gawayin gashi a zo da shi daga gida, a hura a inda aka keɓe, saboda saran itace da kunna wuta barkatai duk laifi ne mai tara. Mai niyyar Umra a dawowa ya taho da haraminsa a mota: miƙatin Wadi Muhrim yana kan hanyar Hada, na Sail al-Kabir yana kan ɗaya hanyar.