Waiwaye: Daga Jaji zuwa Janguza, yadda murar tsuntsaye ke bin hanyar kasuwa

A watan Janairun 2006 kaji suka fara mutuwa dubu-dubu a gidan gonar Sambawa da ke Jaji, ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Sai ranar 8 ga Fabrairu aka sanar da duniya cewa murar tsuntsaye ce nau'in H5N1, bayan an kai samfur wani ɗakin gwaji a Padova ta ƙasar Italiya. Wannan ne karon farko da aka tabbatar da cutar a Afirka. Kusan wata guda ke nan tsakanin fara mutuwar da gano dalilinta, kuma a cikin watan nan motocin ƙwai da kaji ba su daina zirga-zirga ba.

Cutar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso mu. A 1996 aka fara ganinta a jikin dinya a lardin Guangdong na ƙasar Sin, a 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka rasu. An daɗe ana muhawara kan ko tsuntsayen da ke yada zango a dausayin Hadejiya da Nguru lokacin hunturu ne suka kawo ta, ko kuwa 'yan tsaki da ƙwai da ake shigowa da su ta bayan fage. Binciken ƙwayar cutar ya nuna ta shigo Najeriya fiye da sau ɗaya. Amma da ta shigo, mu muka ɗauke ta a keji da kiret da tayar mota. Kafin ƙarshen Fabrairu ta kai Magariya a Nijar, a Maris ta bayyana a Marwa ta Kamaru, a 2007 kuma ta isa Gana da Togo da Binin. A Janairun 2007 ta kashe wata matashiya mai shekara 22 a Legas.

Wanda ya taɓa ganin ta a gona ba ya mantawa. Za a bar kaji da yamma suna cin abinci lafiya ƙalau, da asuba a tarar da su jibge, zanko ya yi baƙi, kai ya kumbura, ƙafafu sun yi jini-jini. Maganin da hukuma ta zaɓa shi ne a kashe duk garken, a binne, a feshe gonar, sannan a biya diyya. To, a nan gizo ke saƙar. Diyyar farko a 2006 naira 250 ce kan kowace kaza, kuɗin da bai kai farashin kazar da ta fara ƙwai ba. Mai gona da ya ci bashi ya sayi dusa da magani, idan ya ga kaji goma sun faɗi, me zai sa ya kira likitan dabbobi? Sai ya kira dillali cikin dare, ya karyar da farashi, gari na wayewa kajin suna kasuwa. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai. Da aka samu rancen dala miliyan 50 daga Bankin Duniya aka ƙara kuɗin diyyar, masu gonaki sun fi sakin jiki su kai rahoto, kuma bayan Yulin 2008 aka yi shekaru ba a ji ɗuriyar cutar ba.

Sai aka saki jiki. A Janairun 2015 ta dawo ta Kano da Legas, ta ci miliyoyin kaji, ta sake dawowa a 2021. Duk karon da ta tashi, maƙwabta na rufe ƙofa. Gana ta hana shigo da kaji daga Najeriya da Nijar da wasu ƙasashe a 2021. Hanin yana durƙusar da ɗan kasuwar da ke bin ƙa'ida, amma zabuwar da aka ɗauro a bayan babur daga ƙauyukan Maraɗi zuwa Jibiya ba ta san da shi ba. Abin da ya fi amfani shi ne abin da ba a cika son kashe wa kuɗi ba: wanke kejin kasuwa, hana kiret ɗin ƙwai na kwali yawo daga gona zuwa gona, lura da kashin kajin da ake kai wa manoman rani, da gaggauta kai samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom.

Gwamnatin Najeriya ba ta amince da yi wa kaji allurar rigakafin cutar ba a hukumance, kashewa da diyya ta riƙe. Idan haka ne, dole kuɗin diyya ya zama a ajiye, a biya cikin makonni, ya kuma kai ga matar da ke da kaji ashirin a tsakar gida, wadda ba ta da rajista da kowace ƙungiya. Irin nata kajin ne suka fi yawa a Arewa. Ɓullar da aka tabbatar a Gwale cikin birnin Kano a farkon 2025 ma daga gida ta taso: agwagwa ɗaya aka sayo a kasuwar Janguza, aka haɗa ta da sauran tsuntsayen gidan, kafin a ankara mafi yawansu sun mutu.